Noti Takwas a Bangon Baya

Daren Litinin na fara jin kukan. Da farko na ɗauka saniya ce ke nishi a wani gida mai nisa. Sai ya ja dogo, ya sirance, ya yi tsit, can kuma ka ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana buga cokali a bakin kofi. Na taɓa tsohuwata, uwar 'ya'yana, na ce ta saurara. Ta ce ita barci take ji, kuma in ma saniya ce ai ba tamu ba ce. Na tashi na ɗora kunnena a bangon ɗakinmu, sai na ji abin tafiya yake yi a jikin bangon, daga gabas zuwa yamma, ya je ya dawo.

Gidan da muke haya bene ne dogo kamar jirgin ƙasa, shaguna a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Shekara talatin wayoyin lantarkin gidan suna rataye a bangon baya a kan ƙusoshi, sun yaɗu sun sarƙe kamar yaɗon kabewa, kowa ya shigo haya sai ya ja tasa ya ƙara. Da mai gidan ya tashi mayar da shagon ƙarshe na yamma ɗakin sanyi na ajiye kifi, sai injiniya ya ce masa manyan wayoyin da za su ɗauki wannan wuta ba a rataye su a ƙusa. Mitar wuta tana can ƙarshen gabas, tsakani kuwa taku hamsin ne nawa na tsoho. Dole a yi wa wayoyin hanya ta ƙarfe su kwanta a ciki. Masu aikin suna kiran abin tire. Kamar kwami yake, dogo, faɗinsa bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, cikinsa duk huji, ana jona shi guntu-guntu har ya kai inda ake so.

Wadda ta karɓi aikin 'yata ce, Auta. Shekara goma sha biyu tana ƙarƙashin ubangidanta, tana riƙe masa tsani, tana huda bango, tana jan waya, har ta zama ita ke aikin shi ke sa hannu. Wannan ne aiki na farko da ta karɓa da sunanta. Mai gidanmu yana da wasu gine-gine uku, kuma ya faɗa a gaban kowa cewa in injiniya ya duba ranar Alhamis ya sa hannu, to sauran ukun ma nata ne. In bai sa ba, zai kira tsohon ubangidan nata ya kwance komai ya sake. Auta tana gidan mijinta a wata unguwa, amma mako biyun da ta yi tana aikin, kullum a ɗakinmu take cin abincin rana.

Ni kuwa mako biyun nan ban yi komai ba sai kallo. Ita da abokin aikinta, wani magidanci mai 'ya'ya biyar da ake kira Dogo, suka fara da zare. Suka turmusa shi a farin gari, suka ja shi daga wannan ƙarshen bango zuwa wancan, Auta ta ɗaga tsakiyarsa da yatsa biyu ta saki, sai ga farin layi ya fito a bango ɗoɗar. A kan layin suka kafa ƙafafun ƙarfe da za su ɗauki tiren, kowace da tazararta, sai a saman ƙofar baya da babu bangon kafawa, nan ne tazarar ta fi faɗi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tagar Tela. Tela maƙwabcina ne, tare muka tsufa a gidan, shagonsa ne a tsakiya, kuma tagarsa ta baya waje take buɗewa, daidai kan farin layin. Ya fito da almakashi a hannu yana cewa shi ba za a rufe masa iska saboda kifin wani ba, kifin da ko ƙayarsa ba zai gani ba. Auta ta ce ya kwantar da hankalinsa, yadda yake yi wa riga hammata haka za ta yi wa tiren. Ta kwantar da guntu ɗaya a ƙasa, ta auna, ta yanke gefensa biyu da injin yanka, ta cire 'yan ƙananan yankuna masu baki uku, ta lanƙwasa ƙarfen a gwiwarta har bakin yankan ya haɗu. Sau huɗu ta yi haka, sai ga tire ya hau, ya tsallake saman taga, ya sauko ya ci gaba da tafiyarsa. Bayan nan ta goge duk inda ta yanka da magagari, ta nemi ƙyalle mai laushi a wurin Tela ta ja shi a kan bakin ƙarfen. Duk inda ƙyallen ya maƙale sai ta sake gogewa, ta ce abin da ya kama zare zai yanki rigar waya. Tela ya daɗe yana kallon lanƙwasar, ya ce in ta gaji da lantarki ta zo ya ba ta keken ɗinki ɗaya a shagonsa.

Ranar Lahadi suka gama, wayoyi suka kwanta a ciki a jere, an ɗaure su kamar kitso. Da yamma bayan sun tafi, ina saukowa daga bene, sai na leƙa ta tagar matakala, inda tiren ya wuce dab da hannuna. A nan akwai mahaɗar guntu biyu. Na kai yatsa na taɓa noti ɗaya, don kawai in ji sanyinsa. Sai ya motsa.

Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran keke kafin idona ya rage. A sana'armu noti mai motsi haƙoran mutum ne a kan kwalta. Na taɓa na biyu, shi ma haka. Huɗu ne a gefe ɗaya na mahaɗar, duk ba su kama ba, kuma ramukansu ba zagayayyu ba ne, dogaye ne kamar ƙwallon dabino, ga ɗan gibi tsakanin ƙarfen biyu da ɗan yatsana zai shiga. Na ce a raina gajiya ce, injin huda ya zame mata, kuma ta manta ba ta dawo ta ɗaure ba. Na bi bangon da ido har na gano wata mahaɗar irinta a saman rumfar Tela. Takwas ke nan.

Na kwana ina juya abin. In na faɗa mata a gaban Dogo, na kunyata ta a aikinta na farko. In na yi shiru, injiniya ya taɓa ya ji abin da na ji. Saboda haka ranar Litinin, gari bai gama wayewa ba, ƙarfe na da sanyinsa, na ɗauko tsanin da suka bari a ƙarƙashin matakala, na ɗauko tsohuwar sifanata da guntun bututun da nake sa mata don ƙarin ƙarfi, na ɗaure noti takwas ɗin nan irin ɗaurin da nake yi wa ƙafar keken masu ɗaukar buhu. Na mayar da tsani, na wanke hannu, na sha shayina da daɗi. A daren ne kukan ya fara, kuma ban ga abin da ya haɗa su ba.

Ranar Talata da azahar mai gida ya zo da direbansa, ya zagaya baya, sai muka ji yana ɗaga murya. Wai tiren ya yi ciki a saman ƙofar baya, ya turo waje ya rabu da layinsa kamar maciji ya haɗiyi ƙwai. Ni lokacin ina kwance, kafin in sa takalmi in sauko ya shiga mota yana kiran Auta a waya. Ita tana can wani gefen gari wurin sayen kaya, ba ta iso ba sai da rana ta kusa faɗuwa, inuwa ta rufe bangon. Ta duba, tire yana nan miƙe. Ta ɗora ma'auninta mai ɗigon ruwa, ɗigon ya tsaya a tsakiya. Ta ja zare, ƙarfe ya bi zare. Ta kira mai gida ta faɗa masa cikin ladabi. Daga inda nake ina jin muryarsa ta cikin wayar, yana tambayarta ko makaho ta mayar da shi ko maƙaryaci, ta zaɓi ɗaya.

A daren kukan ya fi na jiya. Tsohuwata ma ta ji, ta ce aljanun da ke zaune a tsofaffin wayoyin ne aka raba da gidansu suke kuka, ta ja bargo ta juya. Da safe Tela ya ce shi ya ɗauka cikina ne, don ya san irin abin da nake ci.

Laraba gari ya tashi da hadari. Rana ba ta leƙo ba ko sau ɗaya, aka yi ta yayyafi. Auta ta zo tun da sassafe ta zauna a kan bokiti tana fuskantar ƙofar baya, wuni guda, tana jiran cikin ya fito. Bai fito ba. Abin da ta samu kawai shi ne garin siminti a ƙasan ƙafafun ƙarfe biyu da ke gefen ƙofar, alamar wani abu yana girgiza su a cikin bango. Ta sake auna komai sau uku. Na ji tana gaya wa Dogo cewa da ba ta bar wa ƙarfen wurin numfashi ba da ta san abin da za ta zarga, amma ta bari, wuri biyu, da hannunta. Na ji maganar, na ɗauka hujin da ke cikin tiren take nufi, inda iska ke shiga.

Da rana uwarta ta zuba mata abinci, ta yi loma biyu ta ture. Ta ce wataƙila ubangidanta ya yi gaskiya da ya ce ta yi gaggawar fita, akwai abin da ake gani da ido amma sai an tsufa a aiki ake gane shi. Uwarta ta ce shi ɗin da haƙoransa aka haife shi? Auta ba ta yi dariya ba. Ta ce mai gida ya sa injiniya ya zo gobe da azahar daidai, kuma ya riga ya yi wa ubangidan nata magana ya zauna da shiri.

A daren Laraba bango bai yi ko tari ba. Wannan shirun ne ya hana ni barci fiye da kukan. Abin da ya yi kuka ranar da aka yi rana, ya yi shiru ranar da ba a yi ba, to da rana yake da magana.

Alhamis gari ya waye tas. Na ɗauki kujerata na kafa ta a bayan gida tun hantsi, na rufe ido ɗaya, na daidaita gefen tiren da gefen ƙofar. Rana ta hau ta kama bangon. Can na ji ƙas. Jim kaɗan wani ƙas. Ƙarfen ya fara matsowa waje, a hankali ƙwarai, yadda in ka ƙura masa ido ba ka ganin motsinsa sai ka kau da kai ka dawo. Na manta da komai, daɗi ma nake ji, ina kallon ƙarfe yana miƙa kamar wanda ya tashi daga barci. Sai na tuna yadda muke yi in noti ya ci tsatsa ya ƙi fita: mu gasa shi da wuta, ya buɗe, ya saki. Ƙarfe in ya ji zafi ƙaruwa yake yi. Na san wannan tun ina saurayi, a kan abin da bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba. Ban taɓa tunaninsa a kan abu mai tsawon taku hamsin ba. Idan ya ƙaru, ina ƙarin zai je? Sai ramukan nan dogaye suka faɗo mini a rai, da gibin da yatsana ya shiga, da maganar wurin numfashi.

Na miƙe da nufin in ɗauko tsani in kwance abina kafin kowa ya zo. Ina juyawa na ga Dogo ya taho da tsanin a kafaɗa, Auta na bayansa, ta tsaya cak tana kallon saman ƙofa. Cikin ya fito ya kai taƙi guda. Kafin ta ce wani abu motar mai gida ta tsaya, ya fito tare da injiniya.

Injiniyan ɗan siriri ne mai magana ƙasa-ƙasa, da fensir a bayan kunne. Mai gida ya nuna masa cikin da hannu biyu, yana tambayar jama'a ko yanzu ma shi kaɗai ke gani. Masu shaguna suka firfito, Tela da tef a wuya. Injiniya bai kula su ba. Ya bi bangon daga mita, yana taɓa ƙafafun ƙarfe, ya daɗe a lanƙwasar tagar Tela yana shafa bakin yankan da yatsa. Sannan ya tambayi Auta ko ta bar mahaɗa mai zamewa saboda zafin rana. Ta ce biyu, ta nuna masa inda suke. Ya karɓi tsani ya hau saman rumfar Tela, ya zaro sifana daga aljihu ya gwada. Ya sake gwadawa da hannu biyu. Ya sauko ya je ta tagar matakala, ya dawo yana share hannu.

"A ɗaure suke tamau," in ji shi. "Duka takwas. Ramukan daidai ne, gibin daidai ne, amma an kashe su da ɗauri."

Auta ta dubi Dogo. Dogo ya ce shi ko kusa da su bai je ba, ita ta ce a bar mata su, kuma ya bar mata. Ta san ba ƙarya yake yi ba. Sai na ga ta sunkuyar da kai tana kallon tafin hannunta, ta juya su, kamar na wani ne aka ba ta aro. Ta ce a hankali ranar Lahadin ta gaji ƙwarai, ta bi layin da sifana a ƙarshe, mai yiwuwa ta haɗa da su ba ta sani ba. Injiniya ya ce abin da ke damunsa ba notin ba ne, noti ana kwancewa. Wanda ya san dalilin barinsu kuma ya ɗaure bai sani ba, shi ne ba ya iya sa wa hannu, don bai san me kuma ya yi bai sani ba a cikin bangon. Ya mayar da fensir bayan kunne. Mai gida ya zaro waya yana neman lamba.

 Ba wanda ya gan ni ranar Litinin, ko tsohuwata. Na ji ƙarfen ya sake yin ƙas a saman kanmu.

"Ni na ɗaure su," na ce.

Ba wanda ya juyo, sai da na maimaita. Na faɗi yadda na taɓa na ji suna motsi, da yadda na ɗauka mantuwa ce, da tsanin, da bututun da na sa wa sifana. Tela ya ce shi dama ya ga sawun takalmi a kan rumfarsa ya ɗauka kyanwa ce ta fara sa takalmi. Wasu suka yi dariya. Auta ba ta yi ba.

"Baba," ta ce, "kai ka hau tsanin nan? Kai kaɗai?"

Na ce ni kaɗai.

Mai gida ya ce wannan shiri ne na uba da 'ya, tsohon da ba ya ganin ramin allura ina shi ina ɗaure ƙarfe. Injiniya ya ce abu ne mai sauƙin ganewa, shi da ƙarfinsa ya kasa motsa su, ita ma ta gwada. Auta ta hau da sifanarta, ta ja har jijiyar wuyanta ta fito, noti ko gezau. Na hau bene na ɗauko tawa da guntun bututun, na miƙa wa Dogo, ya miƙa mata. Injiniya ya karɓa tukuna ya duba bakin sifanar, ya duba gefen notin inda ta ci, ya gyaɗa kai ya mayar mata.

Ta ce kowa ya matsa daga ƙarƙashi. Ta sassauta na farko, na biyu, na uku. Tana taɓa na huɗu ƙarfen ya yi wata ƙara kamar an jefar da faranti, gibin ya haɗe, duk tsawon tiren ya girgiza. Muna kallo cikin da ke saman ƙofa ya koma fiye da rabi. Da ta sassauta na tagar matakala, sauran ya shige, tire ya koma kan farin layinsa a tsakiyar rana, a gaban mutum kusan ashirin. Direban mai gida ya ce a sake ɗaurewa ya ɗauka a waya.

Injiniya ya tsaya yana kallon layin, sannan ya gaya wa mai gida ya mayar da wayarsa aljihu. Ya ce aikin mai tsabta ne, lanƙwasar tagar nan ma ya daɗe bai ga irinta ba. A canza ƙafafu biyun da suka girgiza, a ƙara wa kowane noti na mahaɗar ɗan'uwansa a baya don ya tsaya inda aka bar shi, a shafa musu jan fenti yadda kowa zai san da gangan aka bar su. In an yi haka, Asabar da azahar zai dawo ya sa hannu. Mai gida ya yi ƙunƙuni, ya ce shi dai kifinsa yake so ya ga ya daskare, ya tambayi Auta yaushe za ta je ta auna gini na biyu. Ta ce Litinin. Da zai shiga mota ya ce a riƙa kulle tsani.

Jama'a suka watse. Dogo ya tafi sayo ƙafafun ƙarfe. Auta ta buɗe ƙaramin gwangwanin jan fenti, ta hau, tana ɗiga wa notunan ɗaya bayan ɗaya. Na riƙe mata tsanin, ba ta ce in riƙe ba, ba ta kuma ce in saki ba. Uwarta ta leƙo daga sama ta ce abinci na hucewa, ba wanda ya motsa. Ina so in tambaye ta ko tsawon yatsa nawa ƙarfen ke ƙaruwa a wuni, da ko wayoyin da ke ciki su ma suna yi, amma na ga ba lokacinsa ba ne.

Tela ya turo tagarsa ta buɗe a ƙarƙashin lanƙwasar, ya jingina da gwiwar hannu, da allura a gefen baki. Ya dube ta a sama, ya dube ni a ƙasa, ya cire allurar.

"Ni fa, Mai Keke, abu ɗaya ne ban gane ba," ya ce. "Yarinyar nan kullum a ɗakinka take cin abinci, kwano ɗaya tsakaninku. Da ka ji notin na motsi, me ya hana ka tambaye ta?"